Yadda Ake Bin Sawun Jirgin Raino na Yaƙin Duniya, da Misalin Albatross

Wanda aka ɗora wa aikin rubuta tarihin jirgin ruwan yaƙi, ɗalibi ne a sashen tarihi na Jami'ar Jihar Gombe ko malamin sakandare mai shirya darasin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da yakan fara nema shi ne ranar da jirgin ya yi arangama da abokan gaba. Idan jirgi mai manyan bindigogi ne, wannan hanya tana ɓullewa. Idan jirgin raino ne, wato jirgin ruwa mai hidimar jiragen sama masu sauka kan ruwa, ba ta kai mutum ko'ina. Irin wannan jirgi yakan shekara a kafe wuri ɗaya bai harba ko harsashi ba, alhali kowace safiya 'ya'yansa na tashi sintiri. Tarihinsa yana cikin zangon da ya yi, da aikin da ƙananan jiragensa suka yi daga zangon nan. Ga yadda ake tono shi. Za mu riƙe jirgi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato Albatross, wanda aka ƙera a Ostareliya, ya kuma yi shekarun farko na yaƙin a nan Afirka ta Yamma.

Fara sanin abin da kake bi

Akwai jirgin sama da ba ya bukatar filin sauka, kan ruwa yake tashi, kan ruwa yake sauka. Wani cikinsa ne aka ƙera kamar kwalekwale, wani kuma yana tsaye kan 'yan kwalekwale biyu a madadin tayoyi. Ruwa ya raba shi da wahalar gina fili, amma bai ba shi mai ba, bai ba shi bakanike ba, balle bama-bamai, rediyo, abinci da wurin kwanan matuƙa. Jirgin raino shi ne jirgin ruwan da ke kawo duk waɗannan. Ka ɗauke shi kamar a haɗa gidan mai, gareji, kantin kayan gyara da masauki a ɗora su kan jirgi ɗaya, a kai su bakin wani tsibiri inda babu komai, kafin gari ya waye wurin ya zama sansani.

Kada ka haɗa shi da jirgin dakon jiragen yaƙi, mai shimfiɗaɗɗen rufi inda jirage masu taya ke gudu su tashi. Wannan kuskure shi ya fi kowane yawa, kuma da ya shiga shafin farko ya ɓata sauran. A wajen bincike, Amurkawa suna rubuta seaplane tender, Turawan Ingila sun fi rubuta seaplane carrier. Sojojin ruwan Amurka sun ba manyan lambar AV, ƙanana AVP, waɗanda aka juya daga tsofaffin jiragen yaƙi masu sauri kuma AVD.

Su kansu iri biyu ne, kuma tambayoyin da za ka yi sun danganta da irin. Akwai mai ɗaukar 'ya'yansa a ciki, ya fito da su ya aje kan ruwa da injin ɗaga kaya, kamar Albatross. Akwai kuma mai hidimar manyan jiragen sama irin su Catalina, waɗanda ke zuwa da kansu a ɗaure su kan ruwa kewaye da shi, kamar kaza da 'yan tsaki. Curtiss na Amurka, mai lamba AV-4, wanda aka buga a harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, yana cikin wannan kashi. Na farko za ka tambayi jirage nawa cikinsa ke ci. Na biyu za ka tambayi rukuni nawa ya yi wa hidima, kuma a ina.

Tabbatar da suna kafin komai

Sunan jirgin ruwa kamar sunan Muhammadu ne a unguwa, sai an haɗa da laƙabi. Ka rubuta abu huɗu a shafin farko na littafinka: suna, ƙasa, shekarar da aka tura shi ruwa, da lambarsa. Duk takardar da ba ta dace da huɗun nan ba, ajiye ta gefe.

Albatross yana da tarko uku. Daga 1929 zuwa 1938 sunansa HMAS Albatross, mallakar sojojin ruwan Ostareliya. Daga 1938 ya koma HMS Albatross na Birtaniya. Bayan yaƙi ya zama jirgin fasinja mai suna Hellenic Prince. Jirgi ɗaya ne, sunaye daban-daban, ma'adanar takardu uku. Sa'an nan a 1948 Ostareliya ta raɗa wa sansanin jiragen saman sojan ruwa da ke Nowra suna HMAS Albatross, domin al'adarsu ce su kira sansanin tudu da sunan jirgi. Duk labarin da ka gani da wannan suna bayan 1948 na sansanin ne, ba na jirginka ba.

Wasu jiragen ma sun fi haka rikici. Ark Royal na 1914 jirgin raino ne, a 1934 aka canza masa suna zuwa Pegasus don a ba sabon jirgin dako sunan, kuma wannan sabon shi ne aka nutsar a Nuwamba 1941. Langley kuwa shi ne jirgin dako na farko na Amurka, a 1937 aka mai da shi jirgin raino mai lamba AV-3, a wannan matsayi Japanawa suka hallaka shi kudu da Java ranar 27 ga Fabrairu 1942.

Katin shaida

Cike wannan ba ya cin lokaci. An ƙera Albatross a ma'aikatar jiragen ruwa ta Cockatoo Island da ke Sydney. An aza harsashinsa a Afrilu 1926, an tura shi ruwa ranar 23 ga Fabrairu 1928, ya kama aiki ranar 23 ga Janairu 1929. Ranaku uku ne daban, kada ka kira ɗaya da sunan ɗaya. Tsawonsa kimanin mita 135, nauyinsa tan 4,800, gudunsa ya kai mil 22 na teku a awa, ma'aikatansa wajen 450. Yana da manyan bindigogi huɗu masu bakin inci 4.7, da injinan ɗaga kaya uku, kuma an tsara cikinsa ya ɗauki jirage tara, shida na aiki, uku na ajiya.

Lambobin nan ba sa faɗa wa mai karatu komai sai ka juya su. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, ya ɗara mil na tudu mai mita 1,609. Ke nan mil 22 na teku a awa ya kama kilomita 41. Da zai hau kwalta daga Gombe zuwa Bauchi, tafiyar kilomita ɗari da hamsin da 'yan kai, sai ya kusa cinye awa huɗu, kuma wannan shi ne iyakar ƙoƙarinsa. Tsawonsa kuwa, ka tsaya bayan raga a filin wasa na Pantami ka dubi ɗaya ragar, ka ƙara wajen mita talatin.

Nauyi shi ke rikita mutane. Wani wuri za ka ga 4,800, wani wuri sama da 6,000. Dukansu daidai ne. Na farko awo ne da yarjejeniyar Washington ta 1922 ta tsara, ba a lissafa man jirgi da ruwan ajiya na tukunyar inji. Na biyu shi ne jirgi cike maƙil. Ka faɗi wanda ka ɗauka.

Jadawalin zango, ƙashin bayan aikin

Sami littafin rubutu mai ganye tamanin, ka buɗe shafi biyu masu kallon juna, ka ja layi bakwai: ranar isowa, ranar tashi, wurin zango, rundunar da yake ƙarƙashinta, rukunin jiragen sama da ke cikinsa, aikin da ake yi, da inda ka samo labarin. Idan da kwamfuta kake aiki, tsarin ɗaya ne, amma ka riƙa ajiye kwafi a waya saboda ɗauke wuta. Kowane zango layi ɗaya. Inda ba ka samu ba, bar gurbin fayau. Gurbin da aka bari yana tuna maka sauran aiki, wanda aka cike da zato kuwa yana ɓoye shi har ranar da mai duba aikin zai tono.

Idan ka cike na Albatross, ga abin da zai fito. Daga 1929 yana ruwayen Ostareliya da jiragen Seagull III na rukuni na 101 na sojojin saman ƙasar. A Afrilu 1933 aka jingine shi, lokacin matsin tattalin arzikin duniya. A 1938 aka miƙa shi ga Birtaniya a matsayin wani ɓangare na kuɗin babban jirgin yaƙin da Ostareliya ta saya ta raɗa wa Hobart. Daga Satumba 1939 yana Freetown ta Saliyo. A 1942 ya koma Tekun Indiya, mazauninsa Kilindini, tashar jiragen ruwa ta Mombasa, ya shiga yaƙin kama Madagaska. A 1943 ya koma Ingila. Daga nan sai Nomandi, gaɓar Faransa inda sojojin ƙawance suka sauka a 1944.

Kana gama jerawa za ka ga inda labarin yake da nama. Shekara biyar na jingina layi ɗaya ne. Shekarun Freetown kuwa, da ba su da wani gumurzu mai suna, su za su ci babi guda.

Abu uku ke ɓata jadawali. Na farko tsarin kwanan wata. Ba'amurke in ya rubuta 8/11/44 yana nufin 11 ga Agusta, Bature ɗan Ingila in ya rubuta haka yana nufin 8 ga Nuwamba. Kai dai ka rubuta sunan wata da haruffa.

Na biyu agogo. Saƙonnin sojan ruwa suna ƙarewa da harafi mai nuna agogon da aka bi. Z shi ne agogon GMT, A ya ɗara shi da awa ɗaya, daidai da agogonmu na Najeriya, B ya ɗara da biyu. Jiragen Jamus masu nutso agogon gida suke bi ko suna ina, kuma a 1941 agogon Jamus yana gaban GMT da awa biyu. Jirgin da aka nutsar ƙarfe goma sha ɗaya na dare a lissafin GMT, a littafin Bajamushe ƙarfe ɗaya ne na washegari. Idan ka ga saɓanin kwana ɗaya tak tsakanin majiya biyu, fara duba nan kafin ka ce wani ya yi ƙarya.

Na uku nisa. Jirgin ruwa ba ya tashi sama. Ba a tafiyar doguwar hanya da cikakken gudu saboda shan mai, don haka ka yi lissafi da mil 12 a awa, wato 288 a yini da dare. Daga Freetown zuwa Cape Town ya haura mil 3,000 na teku, tafiyar kwana goma sha ɗaya ke nan ko kusa. Duk takardar da ta sa jirginka a wurare biyun nan cikin mako ɗaya, akwai kuskure a cikinta. Haka kuma ka kula da abubuwa biyu masu kama da juna. A yaƙin Madagaska an kama tsibirin Mayotte a farkon Yuli 1942, saukar Majunga kuma ranar 10 ga Satumba ce. Wasu rubuce-rubuce sukan cuɗa su wuri ɗaya.

Raba uwa da 'ya'ya

Nan ne yawancin masu rubutu ke yin tuntuɓe. Jirgin ruwa yana da littafinsa na kullum, wanda hafsan da ke bakin aiki ke cikewa: iska, yanayin teku, ƙarfe nawa aka jefa anga, ƙarfe nawa aka sauke jirgin sama, ƙarfe nawa aka ɗauko shi. Abin da jirgin saman ya gani a can cikin teku ba ya ciki. Wannan yana takardun rukunin jiragen. Ga Albatross a Freetown, rukuni na 710 na sashen jiragen saman sojan ruwan Birtaniya za ka bi, wanda aka kafa a Agusta 1939 da jiragen Walrus shida. Ka buɗe masa jadawali na biyu, sa'an nan ka jera biyun gefe da gefe. Wani lokaci uwa tana can ana mata gyara, 'ya'yan suna aiki daga tudu. Wanda bai raba ba sai ya ba jirgin ruwa aikin da bai halarta ba.

Ka san ɗan da kyau. Walrus ƙirar kamfanin Supermarine ne, daga hannun R. J. Mitchell, wanda ya tsara jirgin saman yaƙi na Spitfire. Ya fara tashi a Yuni 1933 da sunan Seagull V, kuma Ostareliya ce ta fara yin odar guda 24. Fikafikansa hawa biyu ne, ana naɗe su baya don ya shiga rumbu. Injinsa ɗaya ne, Bristol Pegasus, a rataye tsakanin fikafikan, farfelarsa tana kallon baya tana tura shi. Yana da tayoyi da ake naɗewa, don haka yana sauka tudu ma. Mutum uku ko huɗu yake ɗauka, gudunsa bai wuce kilomita 217 a awa ba, man cikinsa na kai shi wajen kilomita 965. Raba wannan biyu saboda dawowa, ka cire man ko-ta-kwana, ka cire wanda zai ƙone yana kewaya ayari. Abin da ya rage shi ne iyakar da'irar da za ka zana a taswira kewaye da zango. Harin da ya auku waje da da'irar nan ba za a ɗora wa rukunin laifinsa ba.

Mai karatu ba zai ji nauyin aikin ba sai ka nuna masa yadda ake ɗauko jirgin daga ruwa. Walrus ya sauka, yana tafe a hankali kan ruwa zuwa gefen uwar, injin bai mutu ba, domin da ya mutu iska za ta kwashe shi ta maka da jikin ƙarfe. Ɗaya daga cikin mutanen ciki zai fito ya hau can saman fiffike na sama, ya zaro igiyar rataya daga ma'ajinta, ya zauna yana jiran ƙugiyar da ke saukowa tana lilo. Farfela tana juyawa 'yan taku kaɗan a bayansa. Igiyar ruwa na ɗaga jirgin tana sauke shi. Sai ya cafke ƙugiyar ya maƙala a daidai lokacin da ya dace, sa'an nan a kashe inji a ɗaga. Idan a tsakiyar teku ne, jirgin ruwan yakan yi kwana mai faɗi don ya kwantar da ruwan da ke gefensa, matuƙi ya sauka a wannan shimfiɗa. Layi ɗaya a littafin jirgi mai cewa an ɗauko jirgin sama ƙarfe kaza, wannan duka ke ƙunshe a cikinsa.

Ruwan da ya kwanta sumul ma ba alheri ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin madatsar Dadin Kowa da sassafe, babu iska, ya ga yadda ruwa ke zama madubi har ba a gane inda ya rabu da sama. Matuƙi mai saukowa kan irin wannan ba ya iya auna tazararsa da ruwan, mai tashi kuma ruwan yakan riƙe cikin jirgin ya ƙi sakinsa. Ƙara da gishirin teku mai cin ƙarfe, wanda ke sa a wanke jirgi da ruwan daɗi, da danshin da ke lalata ƙyallen fikafikai, da zazzaɓin cizon sauro da Freetown ta yi suna da shi, da damina mai ninka ta Gombe sau uku ko fiye, da hazon hunturu. Idan ka ga cikin jirage shida uku kaɗai ke tashi a wani mako, a nan za ka nemi dalili.

Me ya kai shi Freetown, kuma ina ruwan Lardin Bauchi

Freetown tana da mashigin ruwa mai faɗi da zurfi, kuma tana kan hanyar jiragen da ke fitowa daga Kudancin Amurka, Afirka ta Kudu da gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Ingila. A nan ake tara jiragen kaya a haɗa ayari, kamar yadda fatake ke taruwa a zango su jira madugu, sa'an nan a tashi tare da rakiya. Ayarin da ke tashi daga can suna da lamba mai farawa da SL. Aikin jiragen Albatross shi ne su duba hanya kafin ayari ya fita, su kewaye shi muddin mai ya bari, su nemi jiragen Jamus masu nutso, su kuma nemo waɗanda jirginsu ya nutse.

Ka sa ranakun da suka canza yanayin wurin a gefen jadawalinka. Bayan faɗuwar Faransa a Yuni 1940, Dakar da Konakiri sun koma hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗin kai da Jamus, Freetown ta wayi gari tsakanin maƙwabtan da ba a amince da su ba. Daga nan aka tashi harin Dakar na Satumba 1940 wanda bai yi nasara ba. A 1941 jiragen nutso suka sauko yankin sosai, har U-107 ƙarƙashin Günter Hessler ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya. A shekarar ne kuma manyan jiragen Sunderland na sojojin saman Birtaniya, masu dogon zango, suka fara aiki daga Freetown. Ka auna da'irar Walrus da faɗin tekun da ake wannan ɓarna, za ka gane iyakar abin da jirage shida ko tara za su iya. Ra'ayinmu shi ne a faɗi wannan ƙarara. Ba rage darajar mutanen ba ne a nuna cewa an ba su gona da ta fi ƙarfin fartanyarsu.

Haɗa labarin da gida yana da kyau, amma da awo. A lokacin yaƙin Gombe tana cikin Lardin Bauchi, sai 1996 ta zama jiha, don haka fayilolin lardin da ke ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna za ka nema, ka kuma leƙa Gidan Arewa. Gyaɗa, auduga, fatu da kuzar Jos da ake aikawa Ingila ta teku suke bi, kuma hanyar ta yamma ce, ta wajen Freetown. Wannan alaƙa ce ta gaskiya. Sai dai kada ka rubuta cewa an yi lodin kayan a tashar jirgin ƙasa ta Gombe, domin dogo bai iso Bauchi ba sai 1961, Gombe kuma 1963. Aikin tilas na haƙar kuza, wanda aka kwashi mutanen larduna ciki har da Bauchi, ya fara ne a 1942 bayan Japan ta kama Malaya, wato daidai lokacin da Albatross ke barin yankin.

Haka batun tsofaffin sojoji. Gidaje da yawa a Bauchi, Azare, Kaltungo da Gombe suna da kakan da ya je yaƙin Bama ko na Habasha. Sojojin Najeriya da aka kai Gabashin Afirka a 1940 kudu suka nufa daga Legas, runduna ta 81 ta tafi Indiya a 1943, ta 82 a 1944, kuma jiragen dakon sojoji ne suka kwashe su, ba jirgin raino ba. In ka je gidan, ka gai da dattijon da ke riƙe da kayan marigayin, ka ce, "Baba, ko za a ba ni izini in ga takardar sallamarsa da lambobin yabonsa?" Ka ɗauki hoton kowane shafi a gabansa, ka mayar masa a hannu. Lambar bataliya da ke takardar ita za ta nuna inda ya yi aiki. Wasu sojojin Najeriya sun yi gadin Saliyo a farkon yaƙin, kuma irin waɗannan ne kaɗai za a ce sun zauna gari ɗaya da jirgin.

Inda takardun suke, da yadda ake auna su

Na Birtaniya suna ma'adanar ƙasa da ke Kew a Landan. Littattafan kullum na jirage suna jerin ADM 53, rahotannin yaƙi da na ayari suna ADM 199, takardun rukunonin jiragen saman sojan ruwa suna ADM 207. Kundin sunayen fayilolin yana intanet kyauta, ko ba ka samu fayil ɗin ba, takensa da kwanan watansa kan cike gurbi. Ka sani cewa yawancin littattafan kullum na ƙananan jiragen Birtaniya na bayan farkon 1940 ba su tsira ba, sai a bi ta rahoton rundunar da suke ciki. Shekarun Ostareliya suna wajen gidan tunawa da yaƙi na Canberra da shafin sojojin ruwan ƙasar. Jiragen Amurka kuwa ofishin tarihin sojojin ruwansu ya wallafa taƙaitaccen tarihin kusan kowanne.

Takardar da aka rubuta ranar da abu ya faru ta fi ƙarfi wajen lokaci da wuri. Rahoton bayan yaƙi ya fi ƙarfi wajen sakamako, domin matuƙi yakan rantse ya nutsar da jirgin nutso, daga baya takardun Jamus su nuna jirgin ya koma gida lafiya. Tunanin tsohon soja ya fi kowa wajen zafi, abinci da tsoro, amma kada ka ɗauki kwanan wata daga bakinsa ba ka gwada ba. Shafuka biyar na intanet masu jimla iri ɗaya majiya ɗaya ce aka kwafa sau biyar. Hotunan lokacin yaƙi kuma sau da yawa ba a rubuta wurin da aka ɗauke su, saboda tsaro. Dubi fentin jirgin, da irin jirgin saman da ke kansa, da ko akwai majaujawar harba jirgi a gabansa. Albatross bai samu tasa ba sai 1936, don haka hoton da ke nuna ta ba na shekarunsa na farko ba ne.

Idan jirgi ya canza sana'a

Zuwa 1943 filayen jiragen sama sun yawaita, ƙananan jiragen dako sun shigo, aikin Walrus a kan ayari ya ja baya. Aka kwashe kayan jiragen sama daga Albatross, aka mai da rumbunansa wuraren walda da gyaran inji. Kada ka rufe littafi a nan don taken aikinka ya ce jirgin raino. Canza kan layi na biyar a jadawali daga rukunin jirage zuwa jiragen da aka gyara, ka ci gaba.

Ranar 8 ga Yuni 1944, kwana biyu bayan saukar Nomandi, ya kafa zango a gaɓar da aka laƙaba wa Sword, kusa da Ouistreham, yana gyaran ƙananan jiragen sauke sojoji. Guguwar 19 zuwa 22 ga Yuni ta farfasa ɗaruruwansu. Lissafin da ake kawowa shi ne ya ceto 79 daga salwanta, ya mai da 132 bakin aiki. Ranar 11 ga Agusta, a gaban garin Courseulles na Nomandi, makamin tofido, bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa, ya same shi ta gaba. Mutum 66 ne adadin mamatan da aka fi ambata. Jirgin ja na Holan mai suna Zwarte Zee ya jawo shi zuwa Portsmouth.

Adadin mamata abu ne da ake taɓawa da ladabi. Shiga shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, ka sa sunan jirgin da ranar, ka ƙirga sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ka faɗaɗa binciken zuwa mako biyu gaba, saboda waɗanda rauni ya kashe daga baya. Yawancin saɓanin lissafi daga nan yake fitowa. Ka rubuta adadin da ka samu da hanyar da ka bi.

Layukan ƙarshe na jadawalin ba a takardun soja suke ba, sai a jaridu da rajistar jiragen 'yan kasuwa, kuma da sabon suna za ka nema. An sayar da shi a 1946. A 1948 ya zama Hellenic Prince. Ƙungiyar kula da 'yan gudun hijira ta duniya ta wancan lokaci ta yi hayarsa, ranar 5 ga Disamba 1949 ya shiga Sydney, garin da aka ƙera shi, ɗauke da mutum wajen dubu da yaƙin Turai ya raba da gidajensu. A 1953 ya yi dakon sojojin Birtaniya zuwa Kenya lokacin boren Mau Mau. A Agusta 1954 aka kai shi Hong Kong, aka yanka shi aka sayar da ƙarfen. A wannan layi, gurbin ranar tashi shi kaɗai ne za ka ja wa layi da gangan.